Zauren Mai Garka: Gansakuka ta cinye mini basan, amma ba na son haƙƙin ko kwaɗo ɗaya

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka iso mini a wannan wata kusan duk maganar ruwa suke yi, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda bazara ta kankama a Yamai. Na zaɓi uku. Ta farkon za ta ci mana wuri, don amsarta ita ce rabin amsar sauran.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya gina ɗan basan, wato kududdufin ruwa na siminti, a tsakar gida, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita ɗaya da rabi, zurfinsa santimita 60. Karfasar da ke ciki sun kai 20, jikokina ke ba su dusa da ragowar tuwo. Da la'asar kurciyoyi kan sauka su sha, da dare kwaɗi, har bushiya na taɓa gani a bakinsa. Tun shigowar zafi ruwan ya koma kore kamar miyar kuka, ga wata gansakuka mai zare-zare ta lulluɓe bangon. Yaron da ke yi mini aikin garka ya ce a zuba ruwan jabel, wanda ake faranta kaya da shi a wanki, maƙwabcina kuma ya ce akwai wani shuɗin gishiri da ke kashe ta nan take. Ina son ruwan ya yi kyau, amma ba na son haƙƙin ko kwaɗo ɗaya a wuyana. Yaya zan yi?
Hajiya, daga Kwara Kano, Yamai.

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya sa ruwan nan da ya bari ya zame masa sadaka mai gudana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa mana akwai lada a kan kowane mai ɗanyar hanta da aka shayar, kuma ya hana kashe kwaɗo. Tsoron da kike ji yana kan hanya.

Ki ce wa yaron ya mayar da jabel ɗin nan wurin wanki. Ni na taɓa zuba shi, shi ya sa nake gaya miki da ƙarfi. Shekarun baya, lokacin da na fara riƙe basan a garkata ta Gamkalle, na tsiyaya kofi ɗaya bayan magariba. Da safe ruwa ya yi garau, ana hango ƙasa. Karfasa 11 suna yawo a sama ciki a waje, talibambam kuma sun zube a ƙasan basan kamar an watsa baƙin wake. Jabel yana ƙone matatar da kifi ke numfashi da ita a gefen kai, kwaɗo kuwa ta fatarsa yake shan ruwa har da numfashi, duk abin da ke cikin ruwa jikinsa yake shiga. Ban cika mako biyu ba koren ya dawo, ya ma fi na da kauri, domin gansakukar da ta mutu da ƙananan halittun da suka ruɓe su ne suka zame wa sabuwar taki. Har yau in na tuna safiyar nan raina yakan ɓaci.

Shuɗin gishirin maƙwabcinki kuwa gishirin jan ƙarfe ne, wanda ake ce wa sulfat. Gaskiya ya faɗa, yana kashe gansakuka. Amma yana kashe dodon koɗi da talibambam, kifi ma in an ɗan wuce awo, kuma ya fi jabel naci: jabel yana bin iska cikin kwana ɗaya ko biyu, jan ƙarfe kuwa kwanciya yake yi cikin laka ya zauna.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka ba ya kore banza. Gansakuka tsiro ce, abu uku take nema: rana, ɗumi da abinci. Rana da ɗumi kam Allah ya hore mana, a watan Afrilu zafin Yamai da rana tsaka yana wuce awo 40. Abincinta kuwa nitrojin ne da fosfor, wato biyu daga cikin abubuwa ukun da ke cikin buhun takin zamani 15-15-15 da muke saye don salati da kabeji. To daga ina taki ya shiga basan ɗinki? A cikin wasiƙarki na gan shi. Basan mai wannan awo lita 1,800 yake ci. Karfasa 20 a cikin lita 1,800, ana ba su dusa da tuwo ba awo, abin da suka ci ya fita kashi, abin da suka bari ya nutse ya ruɓe, duka biyun taki ne. Ki haɗa da kashin kurciya, da ganyen dogon yaro ko na mangwaro da iska ke zubawa, da ƙurar hunturu da ta kwanta tun watan Disamba. Ƙurar nan ba ƙasa kaɗai ba ce. Mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, busasshen gindin tsohon tabki ne, kuma tana ɗauke da fosfor, har ƙetare teku take yi ta faɗa dajin Amazon. Sannan zafi yana shanye ruwa kullum ya bar takin a baya, ke kuma ki ƙara sabon ruwa a kai. Kamar miya ce a kan wuta: ruwan na tafiya, gishirin na nan.

Akwai abin da nake so ki gani da idonki kafin ki taɓa komai. Gobe in kin idar da sallar asuba, ki ɗauki fitila ki leƙa basan. In kin tarar da kifayen sun taru a sama suna buɗe baki, ruwan ya riga ya shiga haɗari. Da rana gansakuka tana zuba iskar shaƙa a ruwa, wadda masana ke ce wa oksijin, da dare kuma ita ma shaƙa take yi tare da kifi, saboda haka gab da fitowar rana iskar ke yin ƙasa ƙwarai. Ga shi ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi: lita ɗaya a zafin awo 20 tana iya riƙe kusan miligiram 9, a awo 35 kuwa kusan 7 ne iyakarta. Shi ya sa kashe gansakuka gaba ɗaya a rana guda, ko da maganin da ba ya taɓa kifi ne, yakan zama ajalinsu, domin ruɓewar tarin matacciyar gansakuka tana cinye ɗan abin da ya rage.

Aikin farko na hannu ne, kuma jikokinki za su so shi. A samo sanda mai kaushi, irin ta dogon yaro da ba a fere ba, a tsoma cikin mai zare-zaren nan a riƙa murzawa kamar ana kaɗa miya da maburgi. Za ta naɗe a jikin sandar ta fito damtse guda. A yi shi da yamma in rana ta yi sanyi. Kada a kai ta juji nan take, a tara ta a bakin basan ta kwana. A cikinta akwai talibambam, da ƴaƴan mazari, da ƙananan ƙwarin ruwa, cikin dare za su rarrafa su koma gida. Da sassafe a kwashe ta a kai gindin lemo ko gwaiba, taki ce mai kyau. Kuma kada a kankare bango tas. Siririn koren nan da ke manne da siminti shi ne tuwon talibambam da dodon koɗi, su ne ma'aikatanki da ba ki biya. Kashi ɗaya cikin uku za a cire yau, a dawo bayan kwana uku ko huɗu.

Koren ruwan kansa ba ya kamuwa da sanda, ƙwayoyinsa sun fi ƙarfin rariya. Shi yunwa ce maganinsa. Ki rage karfasar su koma biyar ko shida, sauran ki yi sadaka da su ko su shiga tukunya. Karfasa tana cin gansakuka, gaskiya ne, amma kifin da aka ƙosar da tuwo ba zai waiwayi kore ba, kuma haihuwa take yi ba ƙaƙƙautawa, sai an riƙa ragewa duk ƴan watanni. Tuwo da miya a daina gaba ɗaya, mai da gishirin da ke ciki ɓata ruwa suke yi. Dusa kuma ɗan abin da za su cinye cikin minti biyar, sau ɗaya a rana, da hantsi. Na san jikoki za su yi ƙorafi. Ki ba babbansu ɗan murfin kwalba ya zama mudunsa, ki ce shi ne sarkin awo. Tarwaɗa kuwa kada wani ya ba ki shawarar saka ta, ba ta barin talibambam ko ƙaramin kifi.

Daga nan sai canjin ruwa, shi ma kaɗan-kaɗan. Kashi ɗaya cikin biyar a mako, wato wajen lita 360, bido 14 ko 15 na mai lita 25. A ja shi da tiyo daga ƙasa, inda baƙar lakar ta kwanta, a ɗaura ƙyallen gidan sauro a bakin tiyon don kada ya zuƙe ƴan ƙanana. Wannan ruwan kada ya tafi kwata, shukokinki za su gode miki. Wanda za a mayar, in na pampo ne, a tara shi a buɗaɗɗen tano ya kwana ya wuni, saboda maganin da ake sa masa don mu sha lafiya dangin jabel ne, sai ya sha iska yake fita. In kuma na rijiyar cikin gida ne, ki sani rijiyar da ke kusa da shadda takan ɗauki nitrojin mai yawa, kina iya zama kina ɗura wa gansakuka taki da hannunki. Idan damina ta sauka, ruwan sama ya fi duka, amma a bar na farko ya wanke rufin tukuna.

Sai inuwa, kuma a nan ne nake ganin mutanenmu na kashe kuɗi a banza alhali maganin na kasuwar Katako. Zana biyu da itace huɗu, a kafa ƴar rumfa ta ɓangaren yamma, ta tare ranar azahar zuwa la'asar, ta bar ta safe ta shiga. Rumfar zana ta fi inuwar bishiya, don ba ta zubar da ganye. Inuwar da ta fi kowace kuwa ita ce wadda ke kan ruwan kansa. Bado nake nufi da kainuwa. Bado a dasa shi cikin tsohuwar tukunya da laka, ba taki ko kaɗan, a rufe bakin da tsakuwa don kada kifi ya tone, a nutsar. Kainuwa kuwa dashen Allah ce, ajiye ta kawai za a yi a kan ruwa. Saiwarta na lilo tana tsotse ainihin abincin da gansakuka ke nema, ganyenta kuma ya tare rana. A bar su su rufe rabin fuskar ruwan, in ya yi yawa kashi biyu cikin uku. Duk ranar Juma'a a kwashe abin da ya ƙaru a kai ramin taki. Wannan kwashewar ita ce asirin, domin kowane damtse da kika fitar, takin da ke cikin ruwan ne kika fitar. Kainuwar da aka bari ta rufe ko'ina, ita ma shaƙe ruwa take yi.

Abu biyu zan ja miki kunne a kansu game da ɗebo tsiro. Na ɗaya, in daga kogi ko tabki za a ɗebo, kada a tura yara su shiga ruwan, kuma a wanke saiwar sarai, a tsince duk dodon koɗin da ke maƙale, a ajiye tsiron a bokiti daban na mako biyu ana dubawa. Wasu ƙananan dodon koɗi na bakin kogi su ne ke ɗaukar tsargiya. Wanda ya zo basan ɗinki da kansa ba shi nake nufi ba, na kogin nake tsoro. Na biyu, akwai wata ciyawar ruwa mai kumburarren wuya da kyakkyawan fure shuɗi-shuɗi, wadda duk mai tsallaka gadar Kennedy ya sha ganin ta tana bin ruwa tuli-tuli. Asalinta daga Amurka ta Kudu take, kuma masunta da manoman shinkafar Saga da Kirkisoye sun san wahalar da ta ba su. Kyanta kada ya ruɗe ki. Kada ta shigo gidanki, in ma tana nan a shanya ta ta bushe ƙurmus kafin a zubar.

In da hali, ɗan ƙaramin injin ruwa mai aiki da farantin hasken rana, wanda zai riƙa ɗaga ruwa yana zubowa kan duwatsu, yana taimako. Sai dai wanda ba shi da batir yana tsayawa da faɗuwar rana, alhali da asuba aka fi bukatarsa. In ba hali, bokiti ma ya isa: a kamfata a ɗaga sama a zubo, sau goma, a duk safiyar da aka ga kifi na haki.

Bushiyar nan da kika gani ta tsaya mini a rai. Bangon siminti santsi gare shi, abin da ya faɗa ba ya iya fita. A jingina katako mai kaushi daga ƙasan ruwa zuwa baki, ko a jera duwatsu kamar matakala a kusurwa ɗaya, har na saman ya ɗan leƙo waje. Kurciya za ta samu wurin tsayawa, ƙudan zuma ma haka, ƴaƴan kwaɗi kuma ranar da suka yi ƙafa za su samu hanya. Kuma tunda akwai jikoki, santimita 60 ya isa ya cinye mai rarrafe. A kewaye basan da ɗan shinge mai ƙofa, a bar rata a ƙasa daidai wucewar bushiya.

Kada ki sa ran ganin ƙasa cikin mako ɗaya. Mako huɗu zuwa shida ake yi. Kuma ruwan da ke da rai ba ya zama kamar na cikin leda. In kin tsoma hannu har gwiwar hannu kina ganin yatsunki, kifi ba sa haki da asuba, ba wari, to ya yi. Ki sake rubuto mini bayan saukar shamuwa in ji yadda aka kwana.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Ina kiwon tumaki a bayan garin Tawa. Komin da nake shayar da su yana yin kore duk kwana uku, kuma wani ɗan tabki da ke kusa da mu ya yi wani abu a sama kamar an zuba fenti, ga wari. Zan iya sa shuɗin gishirin nan a komin? Tabkin fa, su sha?
Wani matashi, daga Tawa.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi albarka, ya sa wa dukiyar albarka. Shuɗin gishiri kada ya kusanci komin tumaki ko da wasa. A cikin dabbobin gida tunkiya ce ta fi kowa rashin jure jan ƙarfe. Taruwa yake yi a hantarta a hankali ba ka sani ba, rana ɗaya ka ga fitsarinta ya yi ja-baƙi, idonta ya yi rawaya, ta faɗi. Komi ba ya bukatar magani. Ka juye shi duk kwana biyu, ka goge da soso da yashi, ka bar shi ya sha rana awa ɗaya, ka mayar da shi ƙarƙashin rumfa, nesa da inda suke cin dusa don kada su riƙa wanke baki a ciki. Ka jefa ɗan reshe ya jingina da bakinsa saboda tsuntsaye da ƙadangaru.

Tabkin ne ya fi tayar mini da hankali. Abin da ke yin kamar fenti, wani lokaci kore mai shuɗi-shuɗi, sau da yawa ba gansakukar da muka saba ba ce. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ake ce wa sayanobakteriya, kuma daga cikinsu akwai masu dafin da ke lalata hanta ko ya tsayar da numfashi. A shekarar 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a arewacin Botswana, hukumomin ƙasar kuma suka ce dafin irin waɗannan ƙwayoyi ne a ruwan da suka sha. Abin da ya kayar da giwa, ina ga rago? Ba duka danginsu ke da dafi ba. Matan Kanembu na yankin tabkin Cadi sun daɗe suna tace wani irinsu suna shanyawa, suna ce masa dihe, ana miya da shi. Amma ido ba ya rarrabe mai dafi da marar dafi.

Ga gwajin da za ka iya yi. Ka tsoma doguwar sanda ka ɗago. In zare ya biyo ta kamar jiƙaƙƙen gashi, gansakuka ce ta yau da kullum. In ta fito kamar an shafa mata fenti ba zare, ka yi hattara. Ka kuma ɗebi ruwan a kwalba, hannunka cikin leda, ka ajiye a wuri mai sanyi ya kwana ba motsi: in koren ya taso ya yi zobe a sama, alamar ba ta da kyau. Gwajin nan ishara ce kawai, ba hukunci ba. Da ni ne, yadda ka kwatanta shi da warin nan, dabbata ba za ta sha ba, kare ma haka, yara kuma ba za su yi wanka ba, musamman ta gefen da iska ke tara kumfar. Tafasawa ba ta kashe wannan dafi. Ka sanar da ma'aikatan kiwo na yankinku da mai gari, don ba kai kaɗai ke shayarwa a wurin ba.

TAMBAYA: Malam, matata ta ce basan ɗin da nake son ginawa gidan sauro ne kawai, gara in bari. Ko in riƙa zuba ɗan kananzir?
Wani magidanci, daga Talaje, Yamai.

AMSA: Ɗan'uwa, uwargida tana da hujja, zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne a garin nan. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne. Sai dai sauro ya fi son ruwan da ba mai cin ƴaƴansa: tsohuwar taya, gwangwani, kwatar da ta toshe, sawun mota bayan ruwan sama. Basan mai ƙananan kifi da ƴaƴan mazari wurin farauta ne, tsutsar sauro ba ta daɗewa a ciki, muddin ba a bar gansakuka ko kainuwa ta yi cunkoson da kifi ba zai iya kutsawa ba. Akwai ma wani irin sauro da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwar kainuwa, shi ya sa nake nanata a riƙa rage ta duk mako.

Kananzir da baƙin mai suna rufe fuskar ruwa su shaƙe kowa, har su ɓata gashin tsuntsun da ya zo sha. In kana son magani, ka tambayi masu sayar da kayan noma wanda ake ce wa Bti. Ƙwayar halitta ce ta cikin ƙasa da aka gano a 1976, tana kashe tsutsar sauro da ta ƙudan da ke kawo makantar bakin kogi, ba ta taɓa kifi ko kwaɗo ko tsuntsu. Yana cikin magungunan da aka yi aiki da su a babban yaƙin da aka fara da wannan makanta a Afirka ta Yamma a 1974, wanda Nijar ke cikinsa tun farko, kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da cutar. In ka samu, ka bi awon da ke jikin takardar.

Ka gina shi nesa da tagar ɗakin kwana, bangonsa a miƙe sai kusurwa ɗaya mai matakala, ka sa kifin tun makon farko. Duk mako ka kamfaci ruwan gefe da farin kofi, ka kai wa uwargida ku duba tare. In kun ga masu wutsil-wutsil sun wuce ɗaya ko biyu, ka rage kainuwar, ka hana kifin dusa kwana biyu.